Yadda Ake Zaɓen Siririyar Laftof ta Aikin Ofis

Rashin nauyi, ƙarfin aiki da sauƙin farashi ba sa haɗuwa a laftof guda. Biyu za ka samu, na ukun sai haƙuri. Don haka tun kafin ka nufi Farm Centre a Kano, ko ka aika a sayo maka daga Computer Village ta Ikeja, ka yanke wanda za ka iya rayuwa babu shi.

Fara da duba aikinka na yau da kullum. In wasiƙu ne da Excel da taron Zoom, ba ka buƙatar na'urar masu haɗa fim. Mai allo inci 14 da nauyinta bai wuce kilo 1.4 ba ta ishe ka. ThinkPad X1 Carbon, wadda Lenovo ya fara fitarwa a 2012, nauyin sababbinta kusan kilo ɗaya ne, amma kuɗin wannan rashin nauyin kake biya. Wanda laftof ɗinsa ke wuni a kan tebur, me zai yi da ita?

Mataki na biyu shi ne furosesa, kuma nan aka fi yi wa mutane wayo. Mai shago zai nuna maka ɗan tambarin da ke kusa da madannai ya ce, "Alhaji, i7 ce fa!" Kada wannan ya ruɗe ka. Tambaye shi zubi na nawa ce. Lambar da ke bin bayan sunan ita ke faɗa maka: i7-7500U zubi na 7 ce, ƙwayoyin aikinta biyu kacal, alhali i5-8250U ta zubi na 8 tana da huɗu. Wato ƙaramar a suna ta fi babbar ƙarfi. Ga kuma wani dalilin: Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuwa galibi daga zubi na 8 take karɓa. Duk abin da ke ƙasa da haka, ko da araha, bar musu kayansu. Harafin ƙarshen lambar ma yana magana. U ba ta cin batir sosai, H ta fi ƙarfi amma ta fi zafi da cin wuta.

Sai RAM. Siraran laftof da yawa, irin su X1 Carbon da MacBook Air, RAM ɗinsu a manne take da jikin allon injin, yadda ka saye ta haka za ka tsufa da ita. In irinsu kake so, kada ka sauka daga giga 16. In aljihu bai kai ba, nemi HP EliteBook 840 daga G5 zuwa G8. Ta ɗan fi nauyi, amma tana da gurbi biyu, ka fara da giga 8 ka ƙara daga baya. Ma'ajiya kuwa SSD, giga 256 zuwa sama.

In ta hannu ce, wadda ake kira tokumbo, gwada batirin a gaban mai kaya. Buɗe Command Prompt ka rubuta powercfg /batteryreport. Rahoton zai nuna ƙarfin da batirin ya fito da shi daga kamfani da wanda ya rage masa yanzu. In ya kusa zubar da rabi, sai a rage kuɗi ko a sauya batir. Ka kuma tabbatar tana caji ta USB-C, domin ranar da aka ɗauke wuta, fawa-bankin da ke ba da wat 65 zai iya riƙe ta.

Kafin ka miƙa kuɗi, kashe ta ka kunna, ka shiga BIOS. In ta nemi kalmar sirri, ko kuma MacBook ce da ke ɗaure da asusun iCloud na wani, tashi ka bar shagon, komai daɗin bakin da za a yi maka. Ƙirga ramukanta ma, kada ranar gabatar da bayani ka tarar babu inda za ka soka wayar HDMI ta majigi.

A ganina, ga yawancin ma'aikata da 'yan kasuwa, EliteBook 840 ko ThinkPad T14 mai giga 16 da lafiyayyen batir ta fi siririyar da za ta lashe jari. Kuma kada ka fita ba tare da rasit mai ɗauke da lambar na'urar da kwanakin garanti ba.