Ɗan Kifin da Ba a Gani a Bahar Maliya

Da asuba muke ɗago tarkon fitila. Wani ɗan keji ne na roba mai haske a ciki, wanda muke ratayewa a ruwa tun magariba a gefen duwatsun murjani da ke arewa da Fot Sudan, musamman a dararen da babu farin wata. Jariran kifin da hasken ke jawowa su nake ƙirgawa, in auna, in duba cikinsu, kuma shekaru ke nan ina wannan aiki.

Wata safiya dattijon da ke tuƙa mana kwalekwale, mutumin da ya tsufa a sana'ar su, ya leƙa bokitina ya ga wani ɗan abu da bai wuce farcen babban yatsa ba, garai-garai kamar gilashi, sai cikinsa da ke ƙyalli kamar azurfa.

"Ɗana, wannan kuma wane iri ne?"

"Baba, ɗan kifin nan ne mai aska a gindin wutsiya, wanda kake gargaɗinmu kada ya yanke mu."

Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, "Ikon Allah."

Ba laifinsa ba ne da bai gane shi ba. Masanan farko ma da suka kama irin wannan jariri sun ɗauka wani jinsi ne na daban, har suka raɗa masa suna nasa na kansa. Ina son mai karatu ya san wannan halitta, domin ɓarnar da ake yi mata ana yin ta ne saboda ba a san ta ba.

Galibin kifayen murjani ba sa raino. Kifin hamur, da kifin aku wanda masunta a nan ke kira harid, da mai askar nan, duk zuba ƙwai suke yi a ruwa, igiyar ruwa ta kwashe shi zuwa tsakiyar teku. Ƙwan sau da yawa bai kai milimita ɗaya ba, kuma yakan ƙyanƙyashe cikin kwana guda. Abin da ke fitowa ba shi da baki, idonsa bai fara aiki ba, sai ɗan guzurin gwaiduwa da ke manne a cikinsa. Bayan kwana biyu ko uku guzuri ya ƙare, dole ya fara farautar wasu ƙananan halittu dangin jatan lande da ke yawo a ruwa, waɗanda sai da madubin ƙara girma ake ganinsu. Har kifin da zai girma ya zama maciyin ganye, da nama yake buɗe baki. Masu kiwon tarwada sun san irin wannan: abincin kwanakin farko daban yake da na ɗan yatsa, kuma wanda ya yi kuskurensa sai ya wayi gari da asara.

A tsakiyar teku babu rami, babu dutsen fakewa, don haka jikin jaririn shi ne garkuwarsa. Rashin launi na ɓoye shi. Ɗan hamur na da wasu dogayen ƙayoyi, ɗaya a baya, biyu a ciki, da ke sa ya yi wuyar haɗiya. Ɗan kifin malam-buɗe-littafi kuwa kansa a rufe yake da faranten ƙashi kamar kwalkwali. Duk waɗannan kayan yaƙi za su ɓace idan ya iso gida.

Tsawon wannan tafiya muna karanta shi ne a kunnen kifin. Akwai wata 'yar tsakuwa a ciki da ke ƙara zobe ɗaya kowace rana, abin da wani masani mai suna Pannella ya bayyana a 1971. Mukan goge ta, mu ɗora a madubi, mu ƙirga. Ɗan kifin nan mai ratsin fari da ke zama cikin furen teku yakan yi mako ɗaya zuwa biyu a waje, mai aska kuwa yakan kai wata biyu. A da ana zaton ruwa ne kawai ke jan su inda ya ga dama. Wani gwaji da aka yi a Ostareliya, aka wallafa a 1997, ya nuna jariran mai aska da suka kusa sauka na iya ninƙayar fiye da kilomita 90 ba tare da sun ci komai ba. Suna jin ƙarar dutsen murjani da dare, suna jin ƙanshinsa. A gaɓar Kimbe ta ƙasar Papuwa Niyu Gini, binciken 2007 ya gano kusan kashi 60 cikin 100 na 'ya'yan wasu kifaye biyu da suka sauka a wani ɗan tsibiri, a nan iyayensu suke.

Da dare suke sauka, cikin duhu, kuma duk da haka fiye da rabinsu ana cinye su a kwana biyun farko. Wanda ya tsira shi ke shiga sauyin da ya fi ba ni mamaki a duk aikina. John Randall ya bi wani nau'in mai aska a Hawayi, ya rubuta a 1961 cewa cikin kwana huɗu zuwa biyar hanjinsa na ninka tsawo kusan sau uku. Ganye ya fi nama wuyar narkewa, yana buƙatar doguwar hanya. A kwanakin nan launi ke sauko masa, baki ya miƙo gaba, haƙoran yankan gansakuka su fito. Na sha sa irin wannan jariri a tankin gwaji da dare yana garau, kafin kwana biyu in same shi ya yi duhu, yana ta tsattsagar dutse.

Abin da ke tuƙa wannan sauyi sinadari ne na ƙullutun maƙogwaro, wanda matsalarsa ke kawo wa mutum maƙoƙo, kuma shi ne ke mai da ɗan kwaɗo mai wutsiya cikakken kwaɗo. A 2017 masu bincike a tsibirin Moreya na tekun Fasifik suka nuna cewa maganin ƙwari na gona mai suna kilofirifos yana rage wannan sinadari a jikin jaririn, hanji ya kasa kammala, kiwo ya ragu. Feshin da aka yi a tudu na iya lalata kifin da bai fi kwana uku da isowa ba.

Harid ma haka yake. Da ƙananan halittu masu ɓawo yake farawa, haƙoransa a rarrabe. Yana girma suna haɗewa su zama baki irin na aku, wanda yake kankare dutse da shi, ya share gansakuka, ya fitar da farin yashi. Da shi da mai aska su ne masu noman wannan gona ta ƙarƙashin ruwa. Jamaika ta ga abin da ke faruwa idan babu su: an kame kifayenta, sannan a 1983 annoba ta kashe bushiyar teku da ke taya su kiwo, murjanin da ya rufe kusan rabin dutse ya koma ƙasa da kashi 5 cikin 100, gansakuka ta mamaye wurin.

Abin da ke damuna shi ne inda da yawa daga cikin waɗannan 'ya'ya ke yin ƙuruciyarsu. Ba can wurin da masu nutso ke ɗaukar hoto ba ne. Ruwa ne marar zurfi a bakin gaɓa, cikin ciyawar teku da saiwoyin itacen shura, wurin da mutum zai taka da ƙafa ya ga kamar babu komai. Nan ne ake cikewa da ƙasa don gini, nan ake sare shura ko a saki raƙuma su cinye ta, nan kuma ake jan koma mai ƙananan idanu, wani lokaci har da gidan sauro. Hukumar UNESCO ta sa Sanganib da Dungunab cikin wuraren gadon duniya a 2016, kuma na yi murna, amma kare dutsen manya ba zai wadatar ba idan ɗakin raino na rushewa.

Dattijon nan tun daga ranar yakan tsaya ya zazzage komarsa a ruwa kafin ya fito da ita, ya bar ƙanana su tafi. Roƙona ga masunta 'yan'uwansa shi ne a faɗaɗa idon koma, a bar gidan sauro a kan gado, a ɗaga wa bakin gaɓa ƙafa a dararen duhun wata. Masu feshi kusa da ruwa kuma, don Allah kada a wanke tankin magani a kwarin da ke gangarawa teku.