Yaranmu Su Gwada Mana Iri Kafin Damina

'Yan'uwa manoma, sau da yawa mukan shuka iri, ruwa ya sauka, amma gona ta fito da giɓi. Kafin mu sake shuka, lokaci ya ƙure. Yaran aji shida da na ƙaramar sakandare suna iya tsare mu daga wannan hasara, su kuma koyi kimiyya da lissafi a aiki ɗaya.

Ga yadda za su yi:

1. Su ɗebi masara daga sama, tsakiya da ƙasan buhu, su gauraya, su ƙirga ƙwaya 100.
2. Su jera su layi 10 a kan jiƙaƙƙen tsumma, kowane layi ƙwaya 10.
3. Su naɗe, su ajiye a inuwa, suna yayyafa ruwa kullum. Kada ruwa ya kwanta, gama iri yana bukatar iska.
4. Bayan kwana 7 su ƙirga waɗanda suka tsiro.

In 80 suka tsiro, kashi 80 cikin 100 ke nan, wato cikin mudu 10 mudu 8 ne mai rai. Sai mu ƙara iri a rami. In rabi ne kawai, mu nemi wani tun da wuri.

Kowace ƙungiya ta kai wa malamin makaranta irinta kafin ruwan fari.