Kafin Ka Adana Takarda, Dubi Hagun Allonka

Cikin ƙorafe-ƙorafen da ake kawo mini a wurin gyaran kwamfuta, babu wanda ya kai "takardata ta ɓata" yawa. Sakatariya ta buga wasiƙa jiya, yau maigida yana nema an rasa. Malami ya gama shigar da makin ɗalibai, gari ya waye babu alamarsa. Galibi idan na duba, ba bairos ba ne, injin ma lafiyarsa lau. Takardar tana nan a inda kwamfuta ta ga dama ta ajiye ta, domin lokacin da tagar adanawa ta fito, mai aikin ya rubuta suna ya danna, bai duba inda za ta sauka ba.

Ba na ganin laifinsu sosai. Wanda sai ya ratsa folda biyar ko shida kafin ya kai wurin ajiyarsa, ga mutane tsaye a kansa, ga fargabar a ɗauke wuta, dole wata rana ya ce bari in ajiye a nan tukuna, na gyara daga baya. Daga bayan nan kuwa ba ta zuwa.

Maganin yana cikin tagar kanta. Duk sanda ka zo buɗe fayil ko adana shi, akwai jerin wurare a gefen hagu. Mutane da yawa sun ɗauka haka aka ƙera shi, ba a taɓawa. Naka ne, kai za ka tsara shi. Tela ba ya kulle almakashinsa a akwati alhali yana tsakiyar yanka. Foldar da kake shiga kullum ita ma a kusa da hannu ya kamata ta zauna.

A Windows 10, wadda ta fito a 2015, sunan wurin "Quick access". Nemo foldar da kake so, ka danna mata maɓallin dama na linzami, ka zaɓi "Pin to Quick access". Shi ke nan. Daga yanzu za ka gan ta a hagu da ɗan hoton fil a gefenta, ko a Word kake, ko a Chrome, ko a manhajar gyaran hoto. Windows 11 ma haka ne, sai dai wani lokaci kalmar tana ɓoye a ƙarƙashin "Show more options". Masu Windows 7, wadda har yanzu ba a rasa ta a shagunan buga takardu duk da Microsoft ta daina kula da ita tun Janairun 2020, nasu sunansa "Favorites": shiga foldar, danna dama a kan wannan kalma, ka zaɓi ƙara wurin da kake ciki.

Ana iya jan folda da linzami a kai ta can, amma a nan nake so a yi hattara. Idan ka ja ta ka sake ta a kan wata folda da ke jerin, ba maƙala ta ka yi ba, kwashe ta ka yi ɗungurungum ka zuba cikin waccan. Na ga ma'ajin wata makaranta gumi na keto masa, yana rantsuwa an goge masa lissafin kuɗin zango, ashe foldar tana kwance cikin ta hotuna. Sai ka ga siririn layi ya fito tsakanin foldoji biyu kafin ka saki linzami. In hannu ya kuɓuce, danna Ctrl da Z nan take, za ta koma mazauninta.

A kuma gane cewa abin da ke hagun nan hanya ce kawai, ba kwafi ba. Cire fil ɗin ba ya goge foldar. Amma fayil ɗin da ka shiga ta nan ka goge, na ainihin ka goge. Kada wani ya ɗauka ya yi ajiya biyu.

Nawa za a maƙala? A ganina huɗu ko biyar sun isa: aikin da ake ciki yanzu, wasiƙu, rasidai, sai wadda ake tara abin da za a buga. In sun kai ashirin an koma gidan jiya. Idan zango ya ƙare ko kwangila ta kammala, a cire tata a sa sabuwa.

Windows tana da ɗabi'ar cusa wa jerin foldojin da ta ga ana yawan shiga, tana kuma nuna fayilolin da aka buɗe kwanan nan idan an shiga "Quick access". A kwamfutar mutum ɗaya ba laifi. A shago ko ofis inda hannu da yawa ke taɓa inji ɗaya, wannan tonon asiri ne: wanda ya zo buga katin biki sai ya ga sunan takardar asibitin wanda ya tashi kafin shi. Buɗe File Explorer, shiga "Options", a ƙasa za ka ga sashen "Privacy". Cire alamar da ke akwatunan, ka danna "Clear". Duk shagon da na shiga, wannan nake fara yi.

Word da Excel, tun daga Office 2013, sukan fara nuna maka wani babban shafi da ke tura ka OneDrive. Danna F12, zai kai ka tagar adanawa kai tsaye, inda foldojinka suke jira. A cikin "Options" ɗinsu, ƙarƙashin "Save", kana iya rubuta foldar da kake so su riƙa fara buɗewa.

Akwai kuma tsofaffin manhajoji, irin wasu na lissafi, da ke fito da tagar zamanin Windows 2000 da XP, mai manyan hotuna biyar a hagu. Wannan ba ta bin abin da ka maƙala. Gurabenta biyar ne cak, kuma ana sauya su ta gpedit.msc, a sashen "Common Open File Dialog". Windows ta gida, wato Home, ba ta zuwa da shi, sai an shiga rajistar injin, ni kuwa ba na ba wanda bai saba ba shawarar taɓa ta. A kira mai gyara.

Masu maƙala foldar da ke kan filashi su sani, harafinsa na iya sauyawa: yau E, gobe F, sai hanyar ta mutu. A ba shi tsayayyen harafi a "Disk Management". Masu Mac su ja folda zuwa gefen Finder; masu Ubuntu su shiga foldar su danna Ctrl da D.

Shugabannin ofisoshi da masu shaguna, don Allah kada ku bar wa kowane ma'aikaci ya yi yadda ya ga dama. Ku zauna da su ku amince a kan foldojin aiki, a maƙala iri ɗaya a kowane inji, kuma duk sabon yaro a nuna masa tun ranar da ya fara.