Yadda Mai Babur Zai Sa Direbobi Su Hango Shi da Dare

Babur siriri ne, fitilarsa ta gaba ɗaya ce, ta baya kuma ƙarama. Da rana jikin mahayi ya isa a hango shi. Da dare kuwa, a hanyar da babu fitilun titi, direba ba ya ganin komai sai hasken da babur ya fitar ko wanda ya mayar masa. Idan babu ɗaya daga cikin biyun, sai mota ta zo daf da shi kafin a san yana nan.

Lissafin a fili yake. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin kusan mita 22 a kowace daƙiƙa. Kafin direba ya ga abu, ya gane shi, ya taka birki, yakan ɗauki kusan daƙiƙa ɗaya da rabi, wato mita 33 sun tafi, sannan motar na bukatar wasu mita 35 ko fiye kafin ta tsaya a busasshiyar kwalta. Ƙaramar fitilar mota kuwa ba ta haska fiye da mita 50 zuwa 60 sosai. Ke nan babur marar danja, da mahayi cikin baƙar riga, yana bayyana ne bayan lokacin tsayawa ya ƙure.

Don haka fitilar baya ce abin fara dubawa, kuma ita aka fi sakaci da ita. Idan ta gaba ta mutu, nan take mahayi zai sani, domin duhu zai tsayar da shi. Ta baya kan yi makonni a mace ba tare da ya lura ba. A gareji ana yawan cin karo da wannan: a kawo babur gyaran wani abu daban, a kwance murfin danja, a tarar ƙwan ya yi baƙi ƙirin. Ƙwan yana da zare biyu, ɗaya mai wat 5 da ke ci muddin fitila na kunne, ɗaya mai wat 21 da ke kamawa idan an taka birki. Jijjigar ramuka kan tsinka ɗaya ta bar ɗaya, shi ya sa ake gwada su daban-daban. Hanya mai sauƙi ita ce a juya bayan babur ga bango da magariba, a kunna fitila, a taka birkin ƙafa, sannan a matse na hannu, a ga ko jan hasken yana ƙaruwa. Idan bai ƙaru ba, sau da yawa ɗan sifirin da ke jan makunnin birki ne ya saki, gyaran da bai wuce minti kaɗan ba.

Ko fitila lafiyayya takan zama banza idan an rufe ta. Buhun masara da aka ɗaure ya sauko baya, jarkoki, ko babbar riga da hijabin fasinja duk suna lulluɓe danja. Bayan an gama ɗaure kaya, ya kamata a koma baya taku goma a duba. A lokacin hunturu ƙura kan danne gilashin, hazo kuma ya rage nisan gani, saboda haka shafe fitilu da tsumma kafin tashi ya zama dole.

A ƙananan babura da yawa wutar fitilar gaba daga injin take zuwa kai tsaye, ba daga batir ba. Da an saki totur haske sai ya dushe, kuma hakan na faruwa ne a mahaɗar hanya da shataletale, inda aka fi bukatar a gan shi. Ƙari ga haka, fitila ɗaya tana ruɗar ido: direban da zai shiga titi yakan ɗauka babur yana nesa, ko ya zaci mota ce mai ido ɗaya. Mahayi ya rage gudu a irin waɗannan wurare, ya ɗauka ba a gan shi ba har sai ya tabbatar. Barin babbar fitila a kunne a fuskar mai tahowa ba ya ƙara tsaro, kashe masa ido yake yi. Haka nan fitilu shuɗi da kore masu walƙiya da ake ƙawata babur da su suna ɓata ƙa'idar da kowane direba ya sani: fari a gaba, ja a baya, ruwan lemo ga sigina.

Gefen babur shi ne mafi duhu, domin babu fitilar da ke kallon can. Maganinsa shi ne kaya masu mayar da haske, irin rigar da jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ke sakawa. Suna mayar da hasken mota daidai inda ya fito, ba sa bukatar batir, kuma ana hango su daga nisan da ya ninka na farar riga. Ana manna salatif ɗinsu a bayan hular kwano, gefen tanki da kariya. Wanda aka ɗaura a idon sawu ko hannu ya fi saurin jan hankali saboda motsi.

Wurin da ake bi a titi ma yana da tasiri. Manne wa gefen tirela ko tanka yana jefa babur inda madubi ba ya kaiwa. Idan mahayi ba ya ganin madubin direba, direban ma ba ya ganinsa. A ba da sigina da wuri, a ɗan taɓa birki sau biyu kafin tsayawa don danja ta yi ƙyalli. Idan babur ya lalace, a ture shi gaba ɗaya daga kan kwalta, domin ganyen da ake zubawa a titi don gargaɗi ba a hango shi cikin duhu.