Yadda ake shimfiɗe cikin mota don kare lafiya da amfanin gona

Ƴan'uwa manoma da direbobi, darasinmu na yau a kan ƙananan motocin haya yake, irin su Toyota Hiace, masu bin babbar hanyar da ta tashi daga Yamai ta ratsa Doso, Ƙonni, Galmi da Maradi har Damagaram. Su ke kai albasarmu da tumatirinmu kasuwa, su ke kai mai naƙuda asibiti cikin dare. Amma da yawansu an kwashe rufin cikinsu, sai ƙarfe tsirara. Irin wannan mota tana da illa uku.

Illolin ƙarfe tsirara

Ta farko zafi. A watannin Afrilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40 a inuwa. Rufin ƙarfe yana shan rana ya zubo zafin a kan mutane da kaya. Jinjiri da tsoho su suka fi saurin galabaita, tumatir ya yi laushi, madara ta lalace tun ba a isa ba.

Ta biyu ƙara. Ma'aunin ƙara shi ake kira desibel. Masana lafiya sun nuna cewa wanda yake yin awa 8 kullum cikin ƙarar da ta kai desibel 85, jinsa yana raguwa sannu a hankali, kuma jin da ya tafi ta wannan hanya ba ya dawowa. Ga alama mai sauƙi: in sai mun ɗaga murya kafin na kusa da mu ya ji, ƙarar ta yi yawa.

Ta uku hayaƙi. In akwai huda a daɓen mota, hayaƙin inji yana shigowa. Cikinsa akwai wata guba wadda ba ta da launi, ba ta da wari. Tana kawo ciwon kai, jiri da gyangyaɗi. Direba mai gyangyaɗi kuwa mun san abin da ke biyo baya.

Matakan aikin

1. Mu fitar da kujeru, mu wanke ciki, mu bari ya bushe sarai. Mu kankare tsatsa da burushin ƙarfe, mu shafa fenti mai hana tsatsa. Tsatsar da aka rufe ba a kashe ba, ci za ta yi ta yi a ɓoye.

2. Mu kai wa mai walda ya toshe kowace huda, bakanike kuma ya duba bututun hayaƙi da robar bakin ƙofofi.

3. Mu ƙwanƙwasa jikin motar. Inda ya yi amo kamar ganga, mu manna roba mai nauyi a tsakiyar wurin. Robar cikin tsohuwar taya tana taimakawa. Ba dole a rufe ko'ina ba, kashi ɗaya cikin uku ya wadatar, domin nauyin robar shi ke hana ƙarfe rawa. Kada mu shafa kwalta: in rana ta buɗe takan narke ta yi wari.

4. Mu manna soso mai kauri santimita 2 a rufi da bango. Mu zaɓi irin wanda ba ya shan ruwa, don mai shan ruwa yana jawo tsatsa da funfuna. Lokacin shafa gam mu buɗe ƙofofi duka, kada kowa ya kunna taba ko ashana.

5. Kafinta ya rufe soson da siririn katako: milimita 4 ko 5 a bango da rufi, milimita 10 ko 12 a daɓe. Kafin a huda ko'ina, a leƙa ƙarƙashi, domin tankin mai, bututun birki da wayoyin wuta suna nan kusa.

6. Mu shimfiɗa roba a kan daɓen, irin wadda ake wankewa da ruwa da sabulu.

7. Mu shafa farin fenti a saman rufi ta waje. Fari yana mayar da hasken rana, baƙi yana shanye shi.

Abubuwan kiyayewa

A Hiace da yawa injin yana ƙarƙashin kujerar gaba. Kada mu sa soso, buhu ko tabarma kusa da inji ko bututun hayaƙi, don gudun gobara. Kada mu toshe tagogi: mutum yana bukatar iska, albasa ma in ba ta sha iska ba ruɓewa take yi. Kada mu ɗauki maganin ƙwari tare da abinci ko mutane, domin in ya zube katako yana shanye shi. Mu tuna kuma katako nauyi ne, sai mu rage lodi daidai da shi.

In kuɗi bai isa a yi duka lokaci guda ba, mu fara da toshe huda, sannan rufi, sannan sauran. Ƙungiyar manoma mai motar kanta tana iya ware kuɗin aikin daga cinikin kaka. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi don tattaunawa a aji

Waɗanne illoli uku ne ƙarfe tsirara ke jawowa? Don me ake kashe tsatsa kafin a manna soso? A ina ne bai kamata a sa soso ba?