Itacen Da Ke Ba Da Shaida

A zangon karatun da ya wuce malaminmu na kimiyya ya yi mana wata tambaya da ta ɗaure mini kai. Ya ce, yaya za a yi a san irin dattin da ke cikin iskar wani gari bara, alhali iskar ta riga ta wuce? Amsar da ya ba mu ita nake so in kawo muku.

Akwai wani itace da ake kira fayin. Ya fi yawa a ƙasashen sanyi, ko da yake an dasa irinsa a wajajen Jos. Ganyensa siriri ne kamar allura, kuma na ƙasashen Turai yakan yi shekara 2 zuwa 4 bai kaɗe ba. A jikin ganyen akwai wani abu mai kama da kakin zuma, wanda ƙura ke liƙewa a kai. Akwai kuma 'yan ƙananan kafofi na shaƙar iska, ta nan hayaƙin farar wuta ke shiga. Wato ke nan, muddin ganyen na bisa reshe, yana nan yana tara abin da iska ta kawo.

To, masana sukan tsinko ganyen, wani kusa da masana'anta, wani nesa da ita. Sai su ware na bana da na bara, domin kowace shekara reshe yakan yi sabon toho. Su wanke rabi, su bar rabi, don a bambanta ƙurar da ta zauna a waje da abin da ya shige ciki. Sa'an nan su busar, su niƙa, su narkar da garin cikin asid, su auna yawan dalma da jan ƙarfe da sauransu. Sukan kuma gwada ƙasar wurin, gama saiwa ma tana jawo waɗannan abubuwa.

An yi irin wannan bincike a garin Monchegorsk na arewacin Rasha, inda aka daɗe ana narka ƙarfen nikel. Sai aka tarar ganyen da ke kusa da masana'antar cike yake da nikel da jan ƙarfe, kuma da an ƙara nisa sai abin ya ragu. Ka ga ke nan itatuwa sun nuna mai laifi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, iskar da ganyen ya shaƙa ita mutanen garin suka shaƙa. Mu ma mun san sharrin irin wannan guba, tun da a 2010 ƙurar dalma ta wajen haƙar zinariya ta hallaka ɗaruruwan yara a Zamfara, ba a farga ba sai da aka soma rashi. Hausawa na cewa, labarin zuciya a tambayi fuska. Ni kuwa na ce, labarin iska a tambayi ganye, tun abin bai kai ga jikin mutane ba.