Gyado: halinsa da abin da doka ta ce

Gyado shi ne aladen daji na ƙasarmu. Waɗansu na ce masa mugun dawa. Yana da babban kai, da haure huɗu, biyu sama biyu ƙasa. Na ƙasa su ne masu kaifi. Babban namiji yakan kai kilo 100.

Da rana gyado yake kiwo. Abincinsa ciyawa ne da saiwa. In zai ci, sai ya durƙusa bisa gwiwoyinsa na gaba, yana tonon ƙasa da hanci. Ba ya gani sosai, amma yana jin ƙanshi da motsi tun daga nesa. In rana ta yi zafi, yakan yi birgima cikin taɓo, don ya sha sanyi, ya rabu da ƙwari.

Da dare yana kwana cikin rami. Galibi ba shi ke gina shi ba, tsohon ramin dabgi yake samu. Da baya-baya yake shiga, haurensa na fuskantar ƙofa. Saboda haka tsayawa bakin ramin gyado ganganci ne, musamman ga yara makiyaya. Gyado matsoraci ne, in ya ga mutum gudu yake, wutsiya a miƙe tsaye. Amma in an rutsa shi, ko uwa tana tare da ƴaƴanta, yana yanka da haure. Macen takan yi ciki kusan wata 6, ta haifi ƴaƴa 2 zuwa 4.

Manomi yana da gaskiya in ya yi kuka da gyado, don yana tone gyaɗa da rogo da dankali. Amma kisansa ba a hannun kowa yake ba. Ranar 29 ga Afrilu 1998 aka kafa doka mai lamba 98-07 bisa farauta da kare namun daji a Nijar. Farauta sai da takardar izini, kuma sai lokacin da hukuma ta buɗe ta. Cikin gandun dajin W, wanda aka kafa a 1954, an hana farauta ɗungum. Wanda aka kama, tara ce ko kaso.

Wanda gyado ya yi wa ɓarna, sai ya shaida wa mai gari. Su je tare wurin ma'aikatan gandun daji, su zo su ga gonar da idonsu. Kafin nan a yi shinge mai ƙarfi, a riƙa gadi da safe da marece.